Yadda ake zama da masai mai yin taki a jirgin ruwa: wari, laima, ƙudaje da inda za a kai kayan

A Ingila da Wales akwai koguna da hanyoyin ruwa da aka haƙa da hannu, kimanin mil 2,000, a ƙarƙashin kulawar hukumar Canal & River Trust, kuma mutane da yawa sun mayar da jiragen da ke kansu gidajen zama. Siririn jirgin da aka fi sani a can faɗinsa ƙafa 6 ne da inci 10, tsawonsa kan kai ƙafa 70. A ciki ake girki, a ciki ake barci, a ciki ake kewayawa. Babu shadda, babu bututun da ya haɗu da na gari. Mai jirgi ko dai ya sa tankin da ake biya a zuƙe, ko ƙaramin akwatin da ake ciccibawa a kai wurin zubarwa da suke kira Elsan, ko kuma masai mai yin taki. A Amurka ma masu zama a jiragen da iska ke turawa sun rungumi wannan na ukun, shi ya sa sunaye irin su Nature's Head da Air Head da Separett suka zama sanannu a bakin masu jirage.

Sunan ne ke fara yaudarar mutum. Abin da ke cikin jirgin ba ya yin taki. Aikinsa biyu ne: ya raba fitsari da bayan gida tun daga fitowarsu, ya kuma busar da bayan gidan. Takin kansa sai an kwashe kayan an kai wani wuri sun shekara. Wanda ya gane haka ya gane kusan duk matsalolin da za su biyo baya, domin wari da ƙudaje da cijewar hannun juyawa duk 'ya'yan uwa ɗaya ne, wato ruwa ya shiga inda bai kamata ba, ko iska ta kasa fitar da shi.

Sassansa kaɗan ne. Mazauni mai rami biyu, na gaba ƙarami yana kai fitsari cikin jarka, na baya babba da ƙyaure da ake buɗewa da ɗan hannu. A ƙarƙashi akwai bokitin bayan gida, wasu da ƙarfen juyawa a ciki, wasu babu, sai dai a barbaɗa abin rufewa a kai. Sai 'yar fanka mai aiki da batir na volt 12, da tiyo mai kai iskar waje.

Lissafin da ya kamata ka riƙe

Babban mutum yana yin fitsari lita ɗaya zuwa biyu a rana. Jarkar Nature's Head tana cin galan 2.2 na Amurka, wato lita 8 da 'yan kai. Mutum biyu za su cika ta cikin kwana biyu zuwa uku. Bayan gida kuwa kusan kashi uku cikin huɗu nasa ruwa ne. Idan mutum biyu suka ajiye giram 300 a rana, ruwan da ke ciki ya ɗan haura mililita 200, kuma wannan ne nauyin da fanka za ta ɗauke kullum. Yanzu ka ƙaddara buta guda mai cin lita ɗaya ta zube a bokitin. Aikin kwana huɗu ko biyar ke nan ka ɗora wa fankar a lokaci guda. Za mu dawo kan butar, domin ga wanda yake tsarki da ruwa a nan gizo ke saƙa.

Girkawa

Kafin ka sayi komai, ɗauki awo ka shiga banɗakin. Irin waɗannan masai sun fi na ruwa tsayi, wasu sukan kai santimita 50, don haka mai gajeren ƙafa zai buƙaci ɗan katakon takawa. Ka bar fili a gefe don hannun juyawa ya zagaya ba tare da yatsunka sun daki bango ba, ka bar fili a baya don saman ya iya kishingiɗa idan za a ciro jarka. Mutane da yawa sai sun ɗaure noti sun gama suke gano cewa jarkar ba ta fita sai an buɗe ƙofar banɗakin.

Idan tsohon masai mai zuba cikin teku ka cire, ka rufe famfunan da suka huda jikin jirgin, ka toshe bakinsu da murfin da aka yi don haka, ka ɗaure da maɗauri biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa. Tiyon da aka bari yana reto a kan famfon da ba a toshe ba yana iya nutsar da jirgi cikin dare.

Ƙarafan da ke riƙe masai ɗin a ƙasa sai ka auna kaurin daɓen kafin ka zura sukuru, don a wasu jirage tsakanin daɓe da jikin jirgi bai wuce yatsa biyu ba. A jirgin da iska ke turawa, wanda kan karkata gefe guda na tsawon sa'o'i, ka dubi inda ramin fitsari zai fuskanta. Idan masai ɗin yana kallon gefen jirgi, to duk sa'ad da aka karkata ta ɓangaren bayansa fitsari zai gangara cikin bokitin bayan gida. Wanda ya kalli gaba ko bayan jirgi ya fi jure karkata. Siraran jiragen Ingila ba su da wannan damuwar, ruwansu kwance yake.

Tiyon iska shi ne wurin da aka fi yin ganganci. Faɗinsa yawanci inci ɗaya da rabi. Ka yi shi gajere iya yadda zai yiwu, mita ɗaya da rabi zuwa biyu, da ƙarancin lanƙwasa, kuma kada ka bar masa ciki ya lotsa a tsakiya. Iskar da ke fita tana ɗauke da laima. Da ta haɗu da sanyin ƙarfen jirgi sai ta koma ruwa, ruwan ya taru a lotsawar ya toshe hanya, fanka tana ta juyi amma ba abin da ke fita. A lokacin hunturu ka naɗe tiyon da soson da ake naɗe bututun ruwa da shi. Mafita ta rufin jirgi da hular ƙarfe a kai ta fi kyau. Idan ta gefe za ka fitar, ka sa ta aƙalla santimita 25 sama da ruwa, nesa da tagar kicin da wurin da ake zama shan iska. Mai shiga teku kuma ya zaɓi hular da ake iya murɗawa a rufe, saboda igiyar ruwa ɗaya da ta haye bene ta isa ta cika bokitin da ruwan gishiri.

Fankar ba ta cin wuta, yawancinsu ba sa wuce amfiya 0.1, don haka a bar ta tana aiki dare da rana. Ka sa mata ƙaramin fiyus kusa da inda ta ɗauki wuta, kuma ka haɗa ta yadda ba za ta mutu ba idan an kashe fitilun jirgi. Bayan ka haɗa, kunna turaren tsinke, ɗaga murfin masai, ka riƙe turaren a bakin ramin. Hayaƙin ya kamata ya sunkuya ya shige ciki. Idan ya tashi sama ko ya dawo fuskarka, ko an juya fankar baibai, ko tiyon ya toshe, ko wani abu a jirgin yana jan iska fiye da ita. Babbar fankar banɗaki mai fitar da tururin wanka takan yi haka, murhun ɗumama ɗaki ma yakan yi idan an rufe tagogi ruf. Maganinsa a ba iska wata ƙofar shigowa, kamar ramukan da ake yi a ƙasan ƙofa.

Abin da ake zubawa a bokiti

An fi amfani da zaren ɓawon kwakwa da aka matse kamar bulo. Bulo mai giram 650 yakan kumbura ya kai lita 8 zuwa 9. A jikin ledarsa za ka ga an ce a zuba ruwa lita uku ko fiye, amma wannan na masu shuka ne. Kai ka sa bulon a bokiti mai murfi, ka zuba tafasasshen ruwa lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ka rufe ya kwana. Da safe ka marmashe shi da hannu. Tafasasshen ruwan yana da amfani biyu: yana saurin buɗe bulon, yana kuma kashe ƙwan ƙwari idan ya zo da su.

Gwajin laima a tafin hannu ake yinsa. Ka damƙi cikin hannu ka matse. Idan ruwa ya ɗiga ko ya fito tsakanin yatsu, ya jiƙe da yawa, ka ƙara busasshe. Idan ya dunƙule sannan ya wargaje da ka taɓa shi da yatsa, kamar ƙasar gona kwana biyu bayan ruwan sama, ya yi. Gara ya ɗan fi bushewa, tunda abin da za a ajiye a kai da ruwansa zai zo.

A mai ƙarfen juyawa ka zuba har ya kai tsakiyar ƙarfen idan yana kwance, kada ya wuce. Cikawa da yawa tana cinye wurin da kake buƙata, tana kuma sa hannun ya yi nauyi tun makon farko. Dusar katako ma tana yi, muddin ba ta katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara ba ce. Ƙasar lambu kada ta shiga, da ƙwarinta take zuwa. Toka tana busarwa tana kashe wari, amma tokar itace kawai, ludayi ɗaya jefi-jefi, kuma wadda ta huce sarai. Tokar gawayin kwal da ake ƙonawa a murhun jirage ba ta dace da taki ba. Tokar da ba ta mutu ba kuwa tana fitar da iskar da ke kisa ba tare da wari ba, a waje ake ajiye ta cikin bokitin ƙarfe.

Yadda ake amfani da shi kullum

Kowa zama zai yi, har maza. Fitsari a tsaye yana fantsama ya wuce ramin gaba. Idan fitsari kawai za a yi, ƙyauren baya ya zauna a rufe. Idan bayan gida ne, a buɗe ƙyauren kafin a fara, a rufe bayan an gama, a juya hannun sau uku ko huɗu, a tsaya. Juyi ashirin ba ya ƙara komai sai dai ya mayar da kayan kwaɓi. Mata da yara sukan buƙaci su ɗan gyara zama zuwa gaba ko baya kafin su sami daidai, kuma yaro ƙarami sai an tsaya a kansa. Baƙo kuwa ka yi masa bayani tun kafin ya shiga, ko ka manna 'yar takarda a bango. Kunyar minti ɗaya ta fi wankin bokiti sauƙi.

Bayan kowane amfani a fesa wa mazaunin ruwa da binega, rabi da rabi, feshi biyu ko uku ta ɓangaren gaba. Tishu yana iya shiga bokiti, amma yana cika shi da wuri, dogonsa kuma yana naɗewa a jikin ƙarfen juyawa. Da yawa sukan ajiye ƙaramin kwandon shara mai murfi dominsa. Tishu mai laima na goge jarirai da audugar mata ba sa ruɓewa, ba sa shiga. Amai ma ba ya shiga. Idan wani ya yi gudawa, a bi kowace shiga da cikin hannu biyu ko uku na busasshen zaren kwakwa, idan ya warke a kwashe bokitin gaba ɗaya a ajiye wannan kason daban.

Maganar tsarki

Masu ƙera waɗannan masai da masu goge jiki da takarda suka yi lissafi. Mai tsarki da buta idan ya yi yadda ya saba, a kan buɗaɗɗen ramin baya, cikin kwana biyu bokitin zai koma kunu. Hanyar da ta fi tsabta ita ce a haɗa biyu: a fara gogewa da tishu, wanda ke zaman hoge, har sai an kawar da mafi yawa, sannan a tashi a yi wanki da ruwa a kan wani ƙaramin baho da aka keɓe don wannan kaɗai. Ruwan bahon a juye shi cikin jarka ta daban mai murfi, a kai Elsan tare da fitsari. Kada a yi wankin a wurin wanka, domin a siraran jiragen Ingila ruwan wanka da na wanke-wanke kai tsaye yake fita cikin ruwan da jirgin ke kai.

Inda banɗaki ya yi ƙunci har babu wurin baho, akwai hanya ta biyu. A rufe ƙyauren baya, a matso gaba, a yi amfani da ruwa kaɗan, kofi ɗaya ko biyu, ya bi ramin fitsari. Kafin ka dogara da wannan, gwada da kofin ruwa ka leƙa bokitin ka gani ko ƙyauren naka yana yoyo, don ba duka ne ke kai ruwa gaba idan an rufe ba. Kuma ka san abin da ka saya: jarkar za ta cika kullum, warinta zai ƙaru, abin da ke cikinta kuma ya tashi daga fitsari zalla, ba shi da wurin zuwa sai Elsan ko masai na gari. Iyali mai mutum huɗu ko biyar masu tsarki da ruwa, gaskiya tankin zuƙewa ya fi musu sauƙi.

Zarni da jarkar fitsari

Abin mamaki ga sabon shiga shi ne bokitin bayan gida, idan yana lafiya, ƙanshin ƙasa yake yi. Jarkar fitsari ce mai tayar da hankali. Sabon fitsari ba shi da zarni sosai. Idan ya kwana, ƙwayoyin halitta sukan farfasa sinadarin yuriya da ke cikinsa ya koma amoniya, ita ce mai hawa ido. A lokaci guda wani farin dutse yakan fara kamawa a jikin jarka da cikin ramin, ƙwayoyin kuma a jikin dutsen suke zama, shi ya sa tsohuwar jarka take fara zarni tun ranar da aka mayar da ita.

Ka juye jarkar kullum ko bayan kwana biyu, kada ka jira ta cika. Bayan juyewa ka zuba mata rabin kofin binega kafin ka mayar, tsamin yana jinkirta fitar amoniya. Ɗauraya da ruwan famfo mai yawan alli tana ƙara dutsen, don haka ɗauraya ɗaya ta isa, a bi da binega. Idan dutsen ya riga ya kama, ka narkar da cokali biyu na hodar tsamin lemo a lita ɗaya ta ruwan ɗumi, ka zuba, ka bari ya kwana, da safe ka jefa tsakuwa cikin hannu ka girgiza. Jarka biyu sun fi ɗaya: ɗaya tana aiki, ɗaya tana shan iska.

Bilic kada ya kusanci jarkar. Idan ya haɗu da amoniyar tsohon fitsari yana fitar da iska mai guba, idan ya haɗu da binega ma haka, banɗakin jirgi kuwa bai fi akwati ba.

Babban haɗarin jarka shi ne ambaliya. Jikinta yakan dushe har ba a ganin inda ruwa ya kai, dare ya yi, wani ya shiga, ta cika ta tumbatsa. Fitsarin ko ya kwanta a gindin masai ya bi ƙarƙashin daɓe, ko ya koma baya ya shiga bokiti. Ka ja layi da alƙalamin da ba ya gogewa a kashi uku cikin huɗu na jarkar, ka ajiye tocila kusa, ka mayar da dubawa aikin kowane dare kafin barci.

Idan bokiti ya jiƙe

Alamominsa a fili suke: ɗoyi irin na shadda, hannun juyawa yana tafiya sululu kamar a cikin koko, ko kuma ya cije, ruwa-ruwa yana ƙyalli a ƙasa. Abin da ya faru shi ne ruwa ya kore iska daga cikin kayan, ƙwayoyin da ke rayuwa ba iska suka karɓe aiki, su ne masu ɗoyin. Ka fara da neman ta inda ruwan ya shigo, da wannan jerin: fanka tana juyawa? Ragar bakin tiyo ta toshe da ƙura? Akwai ruwa kwance a tiyon? Ramin fitsari ya ƙuntata da dutse har yana mayarwa baya? Ruwan wanka yana fantsamowa a kan masai ɗin? An yi baƙi? Idan laimar kaɗan ce, lita ɗaya ko biyu ta busasshen zaren kwakwa da kwana biyu na fanka za su gyara. Idan fitsari ne ya shiga da yawa, kada ka ɓata zarenka. Kwashe duka, goge, sake sabo.

Hunturun Ingila yana ƙara wahalar. Idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10, ruɓewa kusan tsayawa take yi, iskar da fanka ke jawowa ma da laimarta take zuwa. Bokitin da ke kai mutum biyu mako uku zuwa huɗu da bazara, da hunturu sai ya cika da wuri. Cijewar hannu kuma tana zuwa ta ɗaya gefen: kayan sun bushe ƙamas sun zama dutse a kusurwoyi. Kada ka danna da ƙarfi, ƙarfen ko maƙalarsa ne zai karye. Fesa ruwa kaɗan, jira sa'a guda, juya gaba da baya a hankali. Idan hannu ya fara nauyi kullum, bokitin ne ke cewa lokacin kwashewa ya yi.

Ƙudaje

Iri biyu ne suka fi damun masu jirage: ƙananan masu jan ido da ke bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, da baƙaƙe sirara masu kama da ƙaramin sauro da ke fitowa daga ƙasar tukwanen shuka. Na farkon a lokacin zafi kwana goma sun ishe su daga ƙwai zuwa mai fiffike, don haka biyu da ka gani yau ɗari ne mako mai zuwa. Ta tiyon iska suke shiga, ko ta ramin shigar iska, ko ta murfin da aka bari a buɗe, ko kuma daga kwandon ayaba da ke kicin taku uku daga banɗakin.

Toshe hanya shi ne rabin aikin: raga mai ƙananan ido a bakin tiyo da ramin shigar iska, a wanke ta duk wata, murfi a rufe, ɓawon kayan marmari kada ya shiga bokiti. Idan sun riga sun zauna, fesa maganin sauro ba ya kai wa ga ƙwai da tsutsa. Ka kwashe bokitin tas, ka fitar da masai ɗin waje, ka wanke da ruwan zafi da sabulu, ka bi da tsohon buroshin haƙori ƙarƙashin leɓen mazauni, maƙalar ƙyaure, ramin da ƙarfen juyawa ya shiga da gidan fanka. A nan 'yan ƙwanƙolin tsutsar suke manne kamar ƙwayar riɗi, kuma idan ka bar goma ka bar komai. Ka shanya shi a rana ya bushe, ka sa sabon zare, ka gauraya masa rabin kofi na hodar diyatom, wadda ke kashe ƙwari ta hanyar busar da jikinsu. Tana aiki ne kawai idan wurin a bushe yake, kuma ka rufe hanci lokacin zubawa. Maganin tsutsar sauro da ake kira Bti yana kashe tsutsar baƙaƙen, amma kada ka sa rai da shi a kan masu jan ido. Waɗanda ke yawo a ɗaki kuwa, ɗan kofi da binega da ɗigon sabulun wanke-wanke zai tattara su. Ka ci gaba da sa ido har mako uku.

Kwashewa, da inda za a kai

Ka bar sa'o'i shida zuwa takwas bayan amfani na ƙarshe. Sa safar hannu, rufe jarkar fitsari ka fitar da ita tukuna, cire tiyo da wayar fanka, kwance saman. Ka kifa babbar leda mai kauri a bakin bokitin, ka juya shi a hankali. Wannan aikin a waje ake yinsa ko a bakin ƙofar jirgi, kuma ba ranar iska ba. Idan babu ƙwari ba sai an wanke bokitin ba, ragowar da ke jiki tana taimaka wa sabon zubi.

Abin da ke cikin ledar kamar ƙasa yake a ido, amma na jiya da shekaranjiya suna ciki, ɗanye ne, da ƙwayoyin cutarsa. Shekaru da dama masu jirage a Ingila suna ƙulle shi a leda biyu su jefa a kwandunan sharar Canal & River Trust. A 2021 hukumar ta ce a daina. Elsan kuma ba a zuba shi, zaren kwakwa yana toshe bututun, fitsari kaɗai ke zuwa can. Binnewa a gefen hanyar da ke bin ruwan ko juyewa cikin ruwa ba a yarda da su ba. A Amurka doka ta hana zubar da ƙazantar banɗaki da ba a sarrafa ba cikin mil uku daga gaɓar teku, kuma jarkar fitsari tana ciki. Batun jefawa a shara ya danganta da jiha da mai tashar jiragen, sai an tambaya.

A Ingila dai saura hanya ɗaya, a yi takin da gaske. Ga lissafinsa: mutum biyu masu kwashe lita 15 duk mako uku za su kwashe sau 17 a shekara, lita 250 ke nan kafin ya shanye ya ragu. Wanda ba shi da matsaya ta dindindin, wanda ƙa'ida ta ce ya matsa gaba duk kwana 14, a jirgin zai ɗauki wannan kaya. Yadda ake yi shi ne a jera bokitai masu lita 20 zuwa 25, a huda ƙananan ramuka a gefensu kusa da sama, a manna raga a kan ramukan, murfi ya rufe sosai don ruwan sama, a rubuta ranar da aka cika kowanne a jikinsa. A shimfiɗa busasshen ganye ko yagaggen kwali a ƙasa, a gauraya kayan da ɗanyar ciyawa ko ganyen shayi, a juya da ƙaramin cokalin lambu duk wata. Idan ya bushe ƙamas ba zai ruɓe ba, a yayyafa ruwa har ya dawo gwajin tafin hannu. Masu ɗora bokitan a rufi su tuna da gajerun gadoji da ramukan da jirgi ke bi ta ƙarƙashin tudu, su kuma tuna nauyi a sama yana sa jirgi rangaji.

Ƙaramin bokiti ba ya ɗaukar zafi. Kashe ƙwayoyin cuta da sauri yana buƙatar tsibin ya kai digiri 55 ya zauna a haka kwanaki, kuma wannan sai tsibi mai girman kusan mita ɗaya ta kowane gefe, ko akwatin taki mai rufin riƙe zafi. Idan babu zafi sai lokaci. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2006 ta ce inda yanayi ke tsakanin digiri 2 da 20, a ajiye shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, inda ya haura 20 kuwa fiye da shekara ɗaya. Ƙwan tsutsar ciki ne ya sa aka ja lokacin haka, shi ya fi komai taurin rai. Ana ƙirgawa daga ranar zubi na ƙarshe a bokitin, ba na farko ba.

Shi ya sa kafin a biya kuɗin masai ya kamata a sami fili a tudu: lambun ɗan'uwa, gonar wanda ya yarda, ko tashar jiragen da ke da wurin taki, inda za a kafa akwati biyu ko uku nesa da rijiya da bakin ruwa, ana cika ɗaya sauran suna hutawa. Takin da ya nuna baƙi ne, yana marmashewa, ba a gane komai a cikinsa. A zuba shi gindin itatuwa da furanni a rufe da ƙasa, kada a kai shi kan latas, karas ko wani abin da ake ci ɗanye.